Kuɗin lens ɗaya gare ni: 50mm zan saya ko akwai wanda ya fi shi?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema. Sony a6400 nake aiki da ita, kuma har yanzu lens ɗin da ya zo da ita, 16-50 ɗin nan, shi nake fama da shi. Da rana a fili ba ni da kuka da shi. Amma da an shiga ɗakin amarya, ko an yi magariba a wurin dina, sai ISO, wato lambar ƙarfin da kyamara ke ƙara wa haske in ya yi ƙaranci, ya yi sama, hoto ya yi yashi-yashi, fuska ta dushe. Na ɗan tara kuɗi, amma na lens ɗaya ne tak, irin wanda ba ya zum. Duk wanda na tambaya sai ya ce 50mm f/1.8, wai shi ne na talaka. Aikina biki ne da suna, jefi-jefi hoton kafin aure. Shi ɗin zan saya, ko akwai wanda ya fi dacewa da ni?

Abba_Situdiyo:
Wa alaikumus salam. 50mm kawai, kada ka tsaya dogon lissafi. Duk da shi muka fara. Tun a hoton farko za ka ga bambanci.

Injiniya_KD:
Abba, wace kyamara ce a hannunka?

Abba_Situdiyo:
a7 III.

Injiniya_KD:
To ka gani. Sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, taka babba ce, tasa ƙarama ce. A kan a6400 duk lens ɗin da ka ɗora sai ka ninka lambarsa sau ɗaya da rabi kafin ka san faɗin abin da zai ɗauko. Wato 50 ɗin da kake gani da shi a a7 III, a wurinsa 75 zai zama. Wanda zai ba shi irin ganin da kake yi shi ne 30 zuwa 35.

Ɗan_Kurna, bari in yi maka lissafi da ɗaki, don shi ne wurin aikinka. In kana son ɗaukar mutum a tsaye tun daga ɗaurin kai har takalmi, ka kuma bar ɗan fili sama da ƙasa, da 50mm a kan kyamararka sai ka ja baya fiye da mita 4. Da 30mm mita 2 da rabi ya ishe ka. Ɗaki sha biyu-sha biyu kuwa duka-duka bai kai mita 4 ba daga bango zuwa bango, tun ba a sa gado da wadirof ba. Ina za ka ja bayan?

Batun haske kuma, lens ɗinka in ka kai shi 50 ƙofar haskensa f/5.6 take tsayawa, kuma ƙaramar lambar f ita ce ƙofa mafi faɗi. f/1.8 yana shigo da haske kusan ninki 10 na wannan. Inda kake ɗauka a ISO 6400 za ka iya saukowa wajen 640. Wannan ribar za ka same ta ko 30 ka saya ko 50, don haka ba ita ce abin gardama ba. Abin gardama shi ne faɗi.

Maman_Hanifa:
Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma ni shaida ce tunda rabin aikina a cikin ɗakunan mata nake yinsa. Ranar sa lalle ko kamu, ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya ba ka da ikon cewa a fitar da komai. Ga mai kwalliya da akwatunanta, ga ƙawaye a kan gado, ga gwaggo a bakin ƙofa tana cewa a yi sauri. Da 50 a kan ƙaramar sensa fuska da kafaɗa kawai za ka samu. Amarya kuwa ta kashe kuɗi a kan ɗinki, tana son a ga rigar har ƙasa, a ga lallen ƙafa. Sigma 30mm f/1.4 ne a kan kyamarata tun safe har dare. Da shi nake ɗaukar amarya a tsaye, da shi nake matsowa in ɗauki hannu da zobe. In kuɗinka ya kai, ƙanena, shi zan ce ka nema ko da na hannu ne.

Abba_Situdiyo:
Na ji batun ɗaki, Hajiya. Amma ku tuna ya ce yana hoton kafin aure. Abin da ango da amarya ke so su gani shi ne bayansu ya narke, su kaɗai suka fito. 30 ba zai narkar da baya kamar 50 ba. Kuma in ka matso da 30 kusa da fuska hanci yana ƙara girma.

Maman_Hanifa:
Hancin da kake faɗa sai in ka kai lens ɗin dab da fuska. Daga ƙirji zuwa sama babu wata matsala. Kuma hoton kafin aure sau nawa yake samu a wata, biki da suna sau nawa? Abin da ke kawo cefane kullum shi ake fara yi wa tanadi.

Ɗan_Kurna:
Gaskiya biki da suna sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma Sigma ɗin na tambaya, ya ɗan fi ƙarfina in sabo ne.

Sadik_Bauchi:
Ka duba Viltrox. Suna da 33mm f/1.4, sannan daga baya sun fito da ƙanana marasa nauyi, 35mm f/1.7 da 56mm f/1.7, waɗanda kuɗin kowannensu a waje bai kai dala 200 ba. Sigma 30 ɗin da ya fito a 2016 dala 339 aka sa masa. Tsakanin f/1.4 da f/1.7 kuma bambancin hasken kaɗan ne, ba wanda zai hana ka aiki ba. Ina amfani da 56 ɗin, yana kama ido da kyau. Yana da wurin sa waya ta USB a jikinsa, in kamfanin ya fitar da gyara sai ka jona da kwamfuta ka sabunta shi.

Gwani_Hoto:
Ni dai ban yarda da kayan nan na China ba. Ranar da ya lalace wa zai gyara maka? Kuma in ka tashi sayarwa asara za ka tafka. Sony ko Sigma ko bayan shekara uku ka fitar da shi kasuwa akwai mai so.

Sadik_Bauchi:
Oga Gwani, batun sayarwa na yarda da kai. Batun gyara kuwa, Sony ɗin ma in injin fokas ɗinsa ya mutu masu gyaran nawa ne a Arewa? Yawanci Legas ake aikawa, a jira kayan gyara. Wani lokaci kuɗin gyaran ya isa ka sayi Viltrox sabo.

Baba_Yashica:
Yara, ku bar ni in sa baki. Mu da muka yi zamanin fim, kyamara da 50mm take zuwa, babu zum, babu fokas mai yin kansa. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowane ɗaya kuɗi ne, ba ka danna sai ka tabbata. Amma abin da Injiniya ya faɗa haka yake: fim ɗinmu faɗinsa daidai yake da babbar sensa ta yanzu, shi ya sa 50 ya zauna mana daidai. Sunan da 50 ya yi, a can ya samo shi. Mutane suka riƙe lambar, suka manta da cewa kyamarar ta canja.

Abin da zan ƙara shi ne, lens mara zum yana koya wa mutum tsayuwa. Bayan wani lokaci tun kafin ka ɗaga kyamara ka san inda za ka tsaya. Kuma yana sa ka yi wa mutane magana, ka ce Hajiya matso nan, Alhaji juyo ga taga. Yaran yanzu da yawa suna tsayawa a lungu suna murɗa zum, ba su gaisa da kowa ba, shi ya sa fuskokin da suke ɗaukowa a ɗaure suke.

Ɗan_Kurna:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na karɓa.

Nura_Funtua:
Tunda Baba ya ambaci fokas na hannu, me zai hana ya sayi TTArtisan 35mm f/1.4 ko 7Artisans? Ƙasa da dala 100 ne. Ragowar kuɗin ya sayi fitila.

Maman_Hanifa:
A'a Nura, kada ka jefa yaron mutane cikin wahala. Lens ɗin da sai ka murɗa da hannu, a wurin dina amarya na shigowa, ƙawaye na rawa, ana liƙi? Shigowar amarya sau ɗaya ake yinta. In fokas ya kuce ba mai komawa bakin ƙofa saboda kai. Kuma a6400 babban abin da ake sayenta dominsa shi ne yadda fokas ɗinta yake bin idon mutum da kansa. Ka ɗora mata na hannu, ka kashe wannan gaba ɗaya.

Nura_Funtua:
Haka ne, Hajiya, ga dina bai dace ba. Ni kayan 'yan kasuwa nake ɗauka, turare, takalma, atamfa, abin da ba ya motsi. A nan ba ni da abin da ya fi shi. Ina ma da tsohon Helios 58mm f/2 na zamanin Tarayyar Sobiyet, da adafta mai arha nake ɗora shi, bayan hoto yana wani murɗewa mai kyau.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa, daga Zinder. Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne ƙura. Kyamara mara madubi da ka cire lens sensa a buɗe take, babu abin da ya tare ta. Lokacin hunturu in kana canjin lens a waje, kafin sati ka fara ganin ɗigo-ɗigo a sararin sama cikin hotunanka. Wanda ya koma lens mara zum dole canji ya yi masa yawa, ya cire wannan ya sa wancan. Shi ya sa nake goyon bayan masu cewa ya sayi wanda zai wuni a kan kyamara ba a taɓa shi ba. In canjin ya zama dole, kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka shiga mota ko ɗaki. Ka sayi ɗan abin hura iskar nan na roba. Kada ka hura da baki, kada ka sa gefen riga.

Gwani_Hoto:
Wannan magana ce. Ranar Hawan Daushe na ga wani yana canja lens dawakai na wucewa. Wurin hawa ba wurin lens mara zum ba ne ma sam, dogon zum ake so, ka ɗaura tun daga gida.

Zango_Kumasi:
Ku ƙura ke damunku, mu nan Kumasi danshi ne. Lens in ya kwana biyu a jaka lokacin damina sai fumfuna ta kama gilashin daga ciki. Na faɗi haka ne saboda na ji ana cewa ya sayi na hannu. Yawancin na hannun da ke zuwa muku ta bakin teku suke biyowa, wasu sun daɗe a ajiye. A duba da kyau.

Alhaji_Kaya:
Ni sana'ata ke nan, saye da sayar da kayan hoto, bari in gaya maka yadda ake dubawa ko ba a wurina za ka saya ba. Kada ka sayi na hannu sai ka je da kyamararka. Cire murfin gaba da na baya, kunna fitilar waya ka haska ta baya kana kallo ta gaba. 'Yar ƙura ƙwaya-ƙwaya ba komai ba ce, kowane lens yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne ka ga wani abu mai rassa-rassa kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, ko ka ga hazo ya lulluɓe gilashin. Duba bakin da ake ɗaura filta, in ya lotsa to ya taɓa faɗuwa. Duba 'yan ƙarafan bayan nan masu ruwan zinare, kada su zama sun cinye. Sannan ka ɗora, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka ɗauki bango mai rubutu ko jarida a miƙe. Ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗu. In ɓangare ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, gilashin ciki ya goce, ajiye musu abinsu ko nawa suka rage. Ka gwada fokas kusa da nesa sau da yawa kana saurare.

Wanda ya ce ba zai bari ka gwada ba, ko ya ce ka turo kuɗi a sako maka a mota alhali ba ka san shi ba, kada ka yi ciniki da shi.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai Alhaji. Wannan na adana shi.

Ummi_R50:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Canon R50 gare ni. Viltrox ɗin da ake magana zai hau?

Injiniya_KD:
Ba zai hau ba, 'yar'uwa. Kowane kamfani da irin bakinsa, kuma Canon sun daɗe ba su ba wasu kamfanoni izinin yin lens mai fokas da kansa a bakin RF, wato irin na kyamararki, ba. Sai a 2024 suka buɗe wa Sigma da Tamron, shi ma na ƙaramar sensa kawai. Don haka yanzu akwai Sigma 30 da 56 na bakin RF. Na Canon ɗin kansu mafi sauƙi shi ne RF 50mm f/1.8, wanda ya fito a 2020 kan dala 199. Amma ke ninkinki 1.6 ne, 50 zai zama 80, ya ma fi na Ɗan_Kurna matsewa. RF 35mm f/1.8 ya fi tsada, sai dai yana da abin hana rawar hannu ɓata hoto kuma yana ɗaukar ƙananan abubuwa dab da dab. In kina da tsofaffin lens na EF, wato na kyamarorin Canon masu madubi, adaftar Canon tana ɗaukarsu lafiya lau.

Sadik_Bauchi:
Masu Canon M50 kuma su lura, lens ɗinta na EF-M ba ya hawa kan Canon R ko da adafta. Kada mutum ya zuba kuɗi da yawa a can in yana da niyyar canja kyamara.

Gwani_Hoto:
Wannan ya dawo da ni kan tambayar farko. Ɗan_Kurna, a6400 za ka dawwama a kai? In kana da burin komawa babbar sensa, Sigma 30 da Viltrox 33 duk na ƙarama ne. Ka ɗora su a a7 III kyamarar za ta yanke hoton, daga megafiksel 24 ka dawo wajen 10. FE 50mm f/1.8 na Sony kuwa, wanda aka yi don babbar sensa, yana aiki a duka biyun. Saye ɗaya, an gama.

Kwalli_Bidiyo:
Oga, FE 50 f/1.8 ɗin nan na yi aiki da shi. Hotonsa ba laifi, amma fokas ɗinsa yana da nawa, yana kai-komo in haske ya yi ƙasa, kuma ana jin ƙarar injinsa a bidiyo. In dole sai 50 na Sony, ga mai a6400 gara E 50mm f/1.8 OSS, ya fi shi shiru kuma yana da abin hana rawa. Ku tuna a6400 ba ta da shi a jikinta. Sigma da Viltrox ɗin da ake ta yabo su ma ba su da shi. Ga mai hoto ba wani abu ba ne, tunda mutane na motsi dole ka ɗaga gudun shota. Ga mai bidiyo da hannu kuwa babban abu ne. Shi ya sa ni E 35mm f/1.8 OSS nake riƙe da shi duk da ya haura dala 400 sabo.

Kuma sayen lens saboda kyamarar da ba ka saya ba tukuna, da dalar nan yadda take, ban ga hikimarsa ba. Ka sayi abin da zai yi maka aiki a bikin Asabar mai zuwa.

Gwani_Hoto:
Kowa da lissafinsa. Ni na fi son in sayi abu sau ɗaya.

Maman_Hanifa:
Wani abu da nake so ƙanena ya sani tun yanzu: kada ka sayi f/1.4 ka ce komai a f/1.4 za ka ɗauka. Sababbi da yawa haka suke yi, sai a kawo hoton dangi layi biyu, na gaba sun fito na baya sun dushe, kuma uwar amarya tana layin baya. Hoton taro ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6 ka ƙara fitila. Sannan in ka buɗe shi duka, farar shadda ko leshi mai duwatsu a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi za ka ga wani shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda a gefe-gefe. Sigma 30 yana yi, Viltrox ma yana yi. Da ka rufe zuwa f/2 yake raguwa sosai, sauran ka goge a kwamfuta.

Injiniya_KD:
Ƙarin bayani kan maganar Hajiya: 56mm a f/1.4, mutum na tsaye mita ɗaya da rabi daga gare ka, abin da zai fito tsaf bai wuce santimita 4 ba. Ido ya fito, kunne ya tafi. Ango da amarya in ba a layi ɗaya fuskokinsu suke ba, ɗaya zai dushe.

Nura_Funtua:
To ashe maganata ta fitila ba ta faɗi ba. In dai a hoton taro sai an rufe, lens ɗin da yake da shi ma zai yi, fitila ce babu.

Abba_Situdiyo:
A nan kam ina tare da Nura. Filasha ɗaya ta Godox ka harba ta sama ta daki silin ta dawo, hoton dina ya gyaru. Sai ya riƙe 16-50 ɗinsa don ɗaki da taro, ya sayi 50 ko 56 don hoton da zai sa a san shi. Abin da 30 zai ba shi zum ɗinsa yana yi, abin da 56 f/1.7 zai ba shi kuwa zum ɗinsa ba zai taɓa yi ba.

Maman_Hanifa:
Silin ɗin wuraren dina da yawa an lulluɓe shi da yadi mai launi, wani kuma ya yi nisa. Kuma ba kowane gida ake son walƙiyar filasha a fuskar jariri ranar suna ba. Hasken taga da 30 ya fi min.

Baba_Yashica:
Ɗana, ga hanyar da ba za ta ci maka ko sisi ba. Lens ɗinka yana da 30 a ciki, yana da 35, yana da 50. Aikin da za ka je na gaba, tsayar da shi a 30 ka manna masa salatif, ka yi rabin wuni a haka. Sauran rabin ka mayar 50. Inda ka ji bango yana tokare maka baya, ka rubuta.

Injiniya_KD:
Ko ka buɗe hotunan bukukuwan da ka riga ka yi a kwamfuta. Kowane hoto yana ɗauke da lambar da aka ɗauke shi a kai. Ka ware waɗanda masu biki suka zaɓa aka wanke, ka ga wace lamba ta fi yawa.

Ɗan_Kurna:
Na duba na biki biyu yanzu. Mafi yawa tsakanin 24 da 35 suke, sai kuma wasu a 16 na taro. Amma waɗanda amaren suka ɗora a shafukansu kusan duk na 50 ne. Ranar Asabar ina da suna a Rijiyar Lemo, zan gwada dabarar Baba. Alhaji_Kaya, zan yi maka magana ta gefe in ji ko akwai Sigma 30 na hannu.

Abba_Situdiyo:
Ka dai ji abin da ka faɗa da bakinka: na 50 suke ɗorawa. Wanda aka ɗora shi ke kawo sabon aiki.

Ɗan_Damagaram:
Wanda aka wanke kuma shi ke biyan kuɗin aikin da ke hannu. Sadik, 56 f/1.7 ɗin nan ka taɓa gwada shi a kan a6000? Ita nake da ita, kuma bin idonta bai kai na a6400 ba, sai mutum ya tsaya cik take kamawa.

Sadik_Bauchi:
A a6400 kawai na gwada. Akwai wani abokin aikina mai a6000, gobe in sha Allah zan ɗora a tasa in turo muku hotunan a nan, na rana da na dare.